Jinom ɗin ɗan Adam a kan zare: ga inda aiki ya kai

'Yan uwa masu koyo, ina kwaikwayon jinom, wato dukkan bayanan gado da ke rubuce a sinadarin DNA na ɗan Adam, da duwatsun ado a kan zare. Ƙa'idata ita ce: dutsen ado ɗaya yana tsaya wa haruffan DNA miliyan ɗaya. Saiti ɗaya na jinom ɗinmu ya kai haruffa kusan biliyan 3.1, don haka aikin zai ci duwatsu wajen 3,100 a kan zare 24, zare ɗaya ga kowane kuromosom (dogon zaren DNA a cikin ƙwayar halitta): 1 zuwa 22, sai X da Y.

Zare na 1 ya kammala da duwatsu 248. Ku ninka zaren biyu, nauyin yana jan ƙulli. Na 21 kuwa bai kai 50 ba, har na 22 ya ɗan fi shi tsawo, duk da an jera lambobin ne bisa girma.

Rabon launi ne ya fi cin lokaci. Ja na ware wa sassan da ake karantawa a ƙera furotin. Ƙwayoyin gado masu wannan aiki kusan 20,000 ne, amma rubutunsu bai kai kashi 2 cikin 100 na jinom ba. Jajayen duka ba su wuce 50 ba, tafin hannu ɗaya ya ɗauke su. Shuɗi, na jerin da ke ta maimaita kansa, shi ya cinye kusan rabi. Wani guntu mai suna Alu, haruffa kamar 300 ne kacal, amma ya bayyana fiye da sau miliyan ɗaya.

Kada dai jan dutse ya ruɗe ku. A zahiri sassan furotin a warwatse suke, gutsi-gutsi, ba a dunƙule ba. Kuma ba a raba su daidai: kuromosom 19 ya fi na 18 gajarta, amma ya ninka shi ƙwayoyin gado sau da yawa.

Wanda ke ɗaukar adadi daga taswirar jinom ɗin ɗan Adam da aka fitar a 2003 ya sani akwai giɓi a cikinta. Sai a 2022 aka cike kusan kashi 8 da ya rage, galibi maimaici ne na tsakiyar kuromosom. Waɗannan na sa musu fari.

Saura DNA ɗin mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari. Haruffa 16,569 ne, ko kashi ɗaya cikin 60 na dutse. Zan yi masa ƙaramin zobe na waya, tunda dama a zagaye yake.