Mako na uku da Neovim: edita ya fara gane rassan kod

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda na kwana.

Shirin kwamfuta da nake rubutawa da yaren Python a Neovim, editan rubuta kod, don lissafin buhunan riɗi na ƙungiyar manoman ƙauyenmu, kusa da Gumel, ya yi tsawo har ina ɓata a cikinsa. Shi ya sa na koma kan Tree-sitter, manhajar da ke gane tsarin kod, wanda Max Brunsfeld ya ƙirƙira, Neovim kuma ya fara karɓarsa tun fitowar 0.5 a 2021. Da, edita na kallon rubutu ne kawai yana cinke. Yanzu yana karanta nahawun kod ɗin, ya mayar da shi bishiya: nan fankshin (guntun kod mai aiki guda) ya fara, nan ya ƙare, wannan reshe a ƙarƙashin wancan yake.

Daren Talata na tsaya bayan firamare, inda sabis ya fi kamawa, na buga :TSInstall python don sauko da mai karanta nahawun Python, ya ƙi. Ashe sai da kompaila na C, wato manhajar da ke harhaɗa kod na yaren C, domin a kan kwamfutarka ake harhaɗa mai karanta nahawun. Na sauke kompailan gcc, nan take ya wuce.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne :InspectTree. Taga ta buɗe a gefe, duk reshen da na taɓa sai layukansa su haskaka. Na daɗe ina kallo har cajin sola ya kusa ƙarewa. Daga nan na ƙara wa edita wata manhaja mai suna nvim-treesitter-textobjects, na ɗaura ]m don tsallakawa zuwa fankshin na gaba, [m don komawa baya.

Amma ku ji inda na ƙone. Na kunna gyaran tazarar farkon layi, na saka shiftwidth (faɗin tazarar) a 4 tare da expandtab (mai mayar da tab zuwa sifes), sai na buga gg=G don ya daidaita fayil ɗin baki ɗaya. Layin da ke buga jimillar buhuna ya shige cikin zagayen for, wato wurin da ke maimaita aiki kan kowane manomi, jimilla ta riƙa fitowa bayan kowane manomi. A Python tazarar ita ce ma'anar, edita bai san inda na yi niyyar rufe zagaye ba. Da maɓallin u, mai soke gyara, na dawo da shi. Yanzu sai na zaɓi 'yan layuka na danna =, na duba da idona.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan gwada naɗe fankshin da umarnin "za", don fayil ɗin ya taƙaita a allo.