Allura ta ce lafiya lau, titi ya ƙaryata ta

Har yau idan na bi ta titin nan sai na kawar da kai. Kilomita biyu ne kacal a cikin unguwa, kuma sa hannuna ne a kan takardar da ta ce kwaltar ta yi.

Ranar da aka sauke durom-durom ɗin kwaltar, mai kayan da kansa ya fasa mini guda ɗaya. Na ɗiba, na kai ɗakin gwaji, na yi gwajin allura, wanda ake auna laushin kwalta da shi, yadda aka saba: kwalta a zafin digiri 25, a ɗora wa allura nauyin giram 100, a bar ta ta nutse a ciki na daƙiƙa 5. Allurar ta nutse maki 64, tsakiyar 60 zuwa 70 ɗin da aka nema. Oga yana ta kira, "Malam, rola fa tana jira, kuɗin haya na tafiya." Sai na sa hannu. Gwajin kama wuta da na tanda na ce sai gobe. Goben da ba ta zo ba ke nan.

Da bazara ta kankama, titin ya fara tsatso mai, tayar tirela tana barin sawu kamar a laka. Yara har suna ɗebo kwaltar da tsinke suna wasa. Damina ɗaya ta ƙarasa shi.

Sai a lokacin na koma kan ragowar durom-durom ɗin, na zaɓi uku da hannuna daga can ƙasan jibgin. Kwalta ta gari ba ta walƙiyar wuta sai ta haura digiri 230. Wannan tun ba a je ko kusa ba ta yi fau, har na ja da baya. Na shimfiɗa ta a faranti na sa a tanda, digiri 163 na awa 5, ta fito ta rage nauyi, ta ƙandare. Da muka aika aka duba tokarta, sai ga sinadarin zink da kalsiyam, irin waɗanda ake zubawa a man inji. Wato kwalta mai tauri aka samu, aka sirka ta da baƙin mai da ɗan gas har ta yi laushin da allura ke so. Allurar ba ta yi ƙarya ba, laushi kawai ta iya aunawa, ba ruwanta da abin da ya kawo shi.

Abin da ya fi ci mini rai, awa 5 ne fa. Da na bar Oga ya yi ta faɗansa na yini guda, da ba a kai ga kankare titi ba. Kuma wai ni da na shekara da shekaru a aikin nan na tsaya mai kaya ya zaɓa mini durom! Ko buhun masara ba a saye haka a Dawanau.

Yanzu ni nake nuna durom ɗin da za a fasa, kuma alƙalamina ba ya taɓa takarda sai faranti ya fito daga tanda. Mai kayan kuwa ya sake kirana watan jiya, wai ya samo wata mai kyau. Ban ɗaga ba.