Lahadi a filin kurket

Tun ƙarfe takwas da rabi nake fili yau. Raɓa ba ta ko bushe a kan ciyawa ba, kuma duk da muna tsakiyar watan Yuni sai da na ɗora rigar sanyi, don iskar Yorkshire, nan arewacin Ingila, ba ta san bazara ba. 'Yan ƙasa da shekara 11 ne ke da wasa. Na duba rajista, na ƙirga yara, na ƙirga manya. Ƙa'idar hukumar kurket ta Ingila da Wales, wato ECB, ita ce babba ɗaya ga yara 10 idan sun kai shekara tara, babba ɗaya ga yara takwas idan ba su kai ba, kuma ko yaran biyu ne kacal dole manya biyu su tsaya. Na bi na tabbatar duk wanda zai riƙe sandar bugu ya sa hular kwano. Ƙwallon kurket ba abin wasa ba ne, fata ce aka ɗinke a kan ƙulli mai tauri kamar dutse.

Shekara ta biyu ke nan da na karɓi wannan aiki na sa-kai, mai kula da kare yara a kulob ɗinmu. Hotona da lambata suna manne a allon sanarwa, kusa da ƙofar ɗakin canza kaya. Yawancin aikin takardu ne: wane koci ne takardar bincikensa ta DBS, wato binciken ko mutum yana da tarihin laifi, ta isa sabuntawa, wane uba ne bai sa hannu a takardar izinin ɗaukar hoto ba. Wannan ba ya ba ni wahala. Abin da ya faru bayan an tashi shi ne ya hana ni barci.

An gama wasa wajen sha biyu da rabi, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, sai yaro ɗaya ya rage. Shekararsa tara. Mahaifiyarsa tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta aiko saƙo cewa an riƙe ta, sai ta ƙara kamar awa guda. Dattijon kocinmu, wanda ya fi shekara talatin yana koyar da yara a filin nan ba tare da ya karɓi ko sisi ba, ya ciro makullin motarsa ya ce wa yaron, "Ɗauko jakarka, ai hanyata ce."

Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ba zai yiwu ba."

Ya dube ni. Ban taɓa jin nauyin mutum kamar na wannan lokaci ba. Sa'an mahaifina ne. A Zariya inda na tashi, ɗa na kowa ne. Maƙwabci zai ɗora ka a bayan kekensa ya kai ka gida, a yi masa godiya har da kwanon tuwo. Ga shi yau ni ce nake tsaye a gaban dattijo ina hana shi alheri. Na ce masa, "Wallahi ba zarginka nake ba, Baba. Ni ma da nake maganar nan ba ni da ikon saka shi a motata ni kaɗai. Ka zauna mu jira tare." Bai ce uffan ba. Ya mayar da makulli aljihu, ya jawo kujera.

Na san inda waɗannan dokoki suka samo ƙarfi. A 2016 Andy Woodward, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa, ya fito ya faɗi abin da kocinsa Barry Bennell ya yi masa yana yaro, sai ga ɗaruruwan mutane sun biyo bayansa da irin labarin. Waɗanda suka cuci yaran ba baƙi ba ne. Mutanen da iyaye suka yarda da su ne, masu rage hanya, masu saya wa yaro takalmi. Dokar da ta ce "ban da mutanen kirki" ba ta tsare kowa, domin mugun ma da rigar mutumin kirki yake zuwa. Na yarda da wannan har zuciyata, amma yarda ba ta rage mini kunyar dattijon nan ba.

Muka zauna mu uku a baranda. Na ba yaron ayaba da ruwa. Yana ta murza ƙwallo a tafin hannunsa, yana bin ɗinkin da farce. Baba ya tashi zai naɗe ragar atisaye, can nesa amma muna ganin juna. Sai yaron ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Anti, idan na faɗa miki wani abu, ba za ki faɗa wa kowa ba?"

Gabana ya faɗi. A horon da aka ba mu an nanata mana kada mu taɓa yi wa yaro alkawarin rufa asiri. Na ce, "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Idan abu ne da ke cutar da kai, zan gaya wa wanda zai taimake mu, amma ba zan yaɗa ba." Ya yi shiru har na ɗauka ya fasa. Daga baya ya ce wasu manyan yara biyu sun laƙaba masa suna saboda launin fatarsa, kullum in an shiga ɗakin canza kaya sai sun kira shi da shi, sauran su yi dariya. Ya ce shi ma yana dariyar, don kada a ce ba ya ɗaukar raha.

Raha. Kalmar da aka riƙa fakewa da ita ke nan a kan Azeem Rafiq, tsohon ɗan wasan kurket da aka nuna wa wariyar launin fata, har ya zauna gaban kwamitin majalisar dokoki a Nuwamban 2021 yana share hawaye yana ba da labarin abin da ya gani a babban kulob ɗin kurket na Yorkshire. Shi babban mutum ne lokacin. Wannan ko goma bai cika ba.

Ban tsare shi da tambayoyi ba, ban kuma sa masa magana a baki ba. Na ce masa ya kyauta da ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne. Da mahaifiyarsa ta iso da kayan aikinta a jiki tana ta ba da haƙuri, na ja ta gefe muka yi magana. Idanunta suka cika. Ta ce shi ya sa tun watan jiya yake sa fararen kayansa tun daga gida.

Baba ya same ni ina kulle ƙofa. Ya ce, "'Yata, me yaron ya ce?" Na ce sai na fara kai rahoto tukuna. Ya gyaɗa kai, ya karɓi jakar kayan agajin gaggawa daga hannuna ya kai mini har mota.

Yanzu ƙarfe goma saura, sai yanzu magariba ta yi. Na rubuta maganar yaron da kalmominsa yadda ya faɗe su, na sa rana da lokaci, na tura wa jami'ar kare yara ta gundumarmu. Gobe zan kira iyayen yaran nan biyu, kuma uwar ɗayansu ƙawata ce.