Ku rufe farfelar famfo kafin animoni ya shiga tanki

Ƙannena masu sha'awar tankin ruwan gishiri, duk wanda ya fara ganin animoni a shagon masu kifi ɗauka yake yi wani fure ne ya tsiro a kan dutse. Dabba ne, dangin murjani, kuma yana tafiya. A ƙasansa akwai ƙafa ɗaya faffaɗa da yake liƙewa da ita, da ita kuma yake jan jiki a hankali in wuri bai yi masa ba. Idan abin ya dame shi sosai ma sakin dutsen yake yi gaba ɗaya, ya kumbura jikinsa da ruwa, ya bar igiyar ruwa ta tafi da shi. A teku wannan dabara ce ta neman sabon matsuguni. A cikin akwatin gilashi kuwa, igiyar ruwa ba ta da inda take ƙarewa sai bakin famfo.

Tankin murjani ba ya rayuwa sai da ruwa mai motsi. Masu wannan harka kan so famfunan kaɗa ruwa su juya ruwan tanki wajen sau 20 zuwa 30 cikin awa ɗaya, wato tanki mai lita 200 na bukatar abin da zai tura lita 4,000 zuwa 6,000. Famfon da ke wannan aiki farfela ce ke gudu a cikin ɗan keji, tana zuƙo ruwa ta gefe tana watso shi ta gaba. An yi kejin ne don kada kifi ya faɗa, kuma ga kifi mai lafiya ya wadatar. Animoni ba shi da ƙashi, ba shi da ɓawo, akasarin jikinsa ruwa ne. Kafar da ɗan yatsanku ba zai shiga ba, shi zai bi ta ciki kamar koko a rariya.

Wanda na fara ajiyewa shi ne irin da aka fi sayarwa, mai kumburarrun kan yatsu, wanda masana ke kira Entacmaea quadricolor. Yana nan tun daga Bahar Maliya, ta gabar Jidda da ta Sudan, har zuwa tekun Fasifik. A cikin nau'o'in animoni sama da 1,000, wajen 10 ne kawai ke ba kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi masauki, kuma wannan ya fi sauran jure zaman tanki. Jurewar tasa ce ta ruɗe ni. Na rufe kejin famfunana da soso a farko, kamar yadda aka ce mini. Animonin ya sami wani rami a dutse ya cusa ƙafa, ya yi watanni bai gusa ba, sai na ga ai ya zama ɗan gida. Soson kuma ya ishe ni, ga muni, ga wanki. Na cire. Daga baya na sauya fitilar tankin da wata mai ƙarfi, ban kawo komai a raina ba. Cikin dare animonin ya tashi, ya faɗa kejin famfo.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne zaman animoni ba alkawari ba ne. A cikin namansa akwai ƙananan tsirran gansakuka da ke sarrafa haske su ciyar da shi, saboda haka duk abin da ya taɓa haske ya taɓa abincinsa. Sabuwar fitila, juya kan famfo, zafin ruwa da ya haura digiri 26 ya doshi 29 a lokacin bazara, gishiri da ya ƙaru saboda ruwa ya ƙafe ba a cika ba, murjanin da ke kusa ya girma ya yi masa inuwa, kowanne na iya tashinsa. Wannan nau'in ma yakan rabe gida biyu, kuma bayan rabuwar sau da yawa ɗaya ko duka biyun su kama yawo. Yawanci kuma kuna barci ake yin tafiyar.

In farfela ta kama shi, ɓarnar ba a kan animonin kaɗai take tsayawa ba. Yatsunsa cike suke da ƙwayoyin harbi masu dafi, farfela kuwa niƙa su take yi ta watsa ko'ina. Ruwa ya yi fari-fari, kifaye su hau sama suna haki, naman da ya warwatsu ya fara ruɓewa amoniya, wadda guba ce ga kifi, ta tashi. A ƙaramin tanki ana iya wayar gari an rasa komai. Warin mataccen animoni kuwa, wanda ya taɓa shaƙa ba ya bukatar a kwatanta masa.

Da na tarar da nawa rabinsa a cikin keji, sai na sa hannu na ja. Kada ku yi haka. Abin da farfela ta bari, hannuna ne ya ƙarasa yaga shi. Ku kashe famfon, ku cire shi a hankali da animonin a jikinsa ba tare da kun fitar da shi daga ruwa ba, ku ajiye a wani kwano ko kwandon roba mai huji a cikin tankin, ku ba shi lokaci. Sau da yawa da kansa yake tsotse jiki ya zare. In kejin na buɗuwa, ku buɗe. In ta kama a yanka robar kejin, a yanka, keji ya fi arha. Sannan ku koma kan ruwan: ku canza kaso mai tsoka da sabon haɗi mai gishiri da zafi daidai da na tankin, ku zuba sabon gawayin tacewa, ku kwashe gutsattsarin nama da raga. Idan bakinsa da ƙafarsa ba su yi kaca-kaca ba, akwai fata, domin wannan nau'in na da saurin warkewa. Idan ya fara narkewa yana wari, ku fitar da shi nan take.

Maganar murfi yanzu. Soso mai manyan ƙofofi da ake zura wa famfo shi ne mafi sauƙi, wasu kamfanoni ma, irin su EcoTech mai yin famfon VorTech, suna yin wanda ya dace da famfonsu. Aibinsa toshewa. Ni na taɓa barin nawa ya cika da datti har ƙarfin ruwa ya ragu, kuma raguwar ce ta sa wani animonin ya fara neman inda ruwa ke motsi, wato wajen famfon. Saboda haka duk mako a cire a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tanki. In kuna da guda biyu kuna musanyawa, famfo ba zai taɓa kwana tsirara ba.

Na fi son ragar roba mai tauri, irin wadda masu saƙar ado ke amfani da ita, a naɗe ta kamar kwando a ɗaure da igiyar roba ta ɗaure wayoyi. Sirrin yana wajen tazara. Idan ragar ta manne da kejin famfo, zuƙar tana nan da ƙarfinta, za ta janyo yatsun ta cikin ƙofofin. Idan kuka bar sarari kamar faɗin yatsu biyu tsakaninsu, zuƙar ta bazu a kan faɗin ragar ta yi rauni, animoni ya iya hawa ya sauka lafiya. Kada ku sa waya ko ƙusa ta ƙarfe, ruwan gishiri zai cinye ta, tagulla kuwa guba ce ga duk wata halitta marar ƙashin baya da ke cikin tankin. Kowane murfi yana rage ƙarfin ruwa kaɗan, sai ku ɗan ƙara gudun famfon.

Famfon kaɗa ruwa ne kowa ke tunawa, amma duk inda ruwa ke shiga baki ne: haƙoran magudanar da ke kai ruwa tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, da bututun na'urar tace ruwa. Animoni na iya toshe magudana ruwa ya malalo ɗaki. Hita ma tana ƙona shi in ya naɗe ta, gara a sa ta a tankin ƙasa ko a yi mata keji.

Ku da ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta, naku ya fi tsanani. Wuta ta tafi, ruwa ya tsaya, iska ta ragu a cikinsa, animoni ya saki dutse yana shawagi. Da an dawo da ita duk famfuna su tashi lokaci guda, ba kowa a gida. Ƙaramin batir ko inbata da zai riƙe famfo ɗaya ya fi muku sabon kifi amfani.

Wasu kan ce a kashe famfuna da dare har sabon animoni ya zauna. Ban yarda da wannan ba. Da dare ne iskar ruwa ta fi ƙaranci, tunda tsirrai sun daina samar da ita kowa kuma yana shaƙa. Rage gudu ya yi, kashewa gaba ɗaya kasada ce. Abin da ya fi shi ne ranar da kuka kawo shi ku tsayar da famfunan na ɗan lokaci, ku ajiye shi kusa da dutse mai rami inda ƙafarsa za ta sami duhu yatsunsa su sami haske, ku jira ya kama, sannan ku kunna a hankali. In ya zaɓi wani wurin da bai yi muku kyau ba, ku ƙyale shi. Ɓamɓaro shi da ƙarfi yaga ƙafa yake yi.

Tankin da bai kai wata 6 da kafawa ba kuwa, ku haƙura da animoni tukuna, wasu ma shekara suke jira. Ruwan sabon tanki hawa da sauka yake yi, kuma animonin da ke cikinsa ba ya zama wuri ɗaya. Manyan animonin nan irin Heteractis magnifica, masu son hawa gilashi har can sama inda aka saba liƙa famfo, ku bar wa waɗanda suka daɗe a harkar.