Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bayan Aikin Hanci

A makon jiya mun tsaya a inda likita ya duba hoton kaina na siti sikan, ya ce magani ya yi iya yinsa, sai dai aiki.

Inna ce ta fi kowa tayar da hankali. "Ke 'yar nan, a kan mura za ki bari a tsaga miki fuska?" Ban ga laifinta ba, duk unguwarmu a Daura mura ake kiran abin da ke damuna. Sai da Malam ya zaunar da ita ya maimaita mata bayanin likita. A cikin ƙasusuwan fuska akwai kogunan iska, huɗu a dama huɗu a hagu: a kumatu, a goshi, a tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowanne yana da 'yar ƙofa da majina ke bi ta fita. Idan fatar ciki ta kumbura, toshewar hanci da majina da nauyin fuska da rashin jin ƙamshi suka kai mako 12 ba sauƙi, to abin ya wuce mura. Ni kuma har tsiron nama ya fito mini a ciki. Kamar indararon soro ne da ya toshe da damina, ruwa ya kwanta a sama.

A Katsina aka yi aikin. Aka yi mini allurar barci, aka bi ta ƙofofin hanci da wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara, aka cire tsiron, aka faɗaɗa ƙofofin kogunan. Ko ƙwarzane babu a fuskata. Da Inna ta shigo ɗakin sai da ta shafa kumatuna ta tabbatar.

Kwanakin farko ba daɗi, gaskiya. Hanci a cushe, jini-jini yana ɗiga, numfashi ta baki har maƙogwaro ya bushe. Aka hana ni fyace majina, aka hana ɗaukar kaya mai nauyi da sunkuyo. A zaune na riƙa yin salla, wajen alwala kuma shaƙa ruwa sai a hankali. Komawa asibiti a kwashe ɓawon da ya daskare a ciki shi ne abin da na fi tsoro, amma duk ranar da aka yi, iska sai ta ƙara samun hanya.

Barci ne ya fara dawo mini. Wanda bai taɓa kwana da toshasshen hanci shekara da shekaru ba, ba zai gane girman wannan ba. A da nakan farka tsakar dare baki a bushe, in tashi da asuba kai ya yi dutse, in wuni ina faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kafin aikin an ba ni wata takarda mai tambayoyi 22, kowace da maki daga 0 zuwa 5. Na ɗauka duk a kan hanci ne, sai ga tambayar barci, da gajiya, da saurin fushi, da baƙin ciki, har da jin kunyar mutane. A nan idona ya cika da hawaye, domin na daina zuwa biki da suna saboda jan majina da kakin da ba ya ƙarewa, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ashe likitoci sun san da wannan. Da na sake cika takardar bayan watanni, makin ya sauka sosai.

Ƙamshi ne ya yi jinkiri, kuma shi ne abincina. Turaren wuta da humra nake haɗawa. Tsawon lokacin ciwon, ƙanwata ce ke sansana mini haɗi ta ce, "Yaya, ƙara sandal," ni kuwa in bi da ido. Wata safiya ina tsakar gida na ji warin daddawa daga kicin ɗin maƙwabta. Na kira Malam da ƙarfi har ya zaci wani abu ne ya faru. Har yau hancina bai koma yadda yake ina budurwa ba, amma ina rarrabe farce da hawi da kaina.

Likita bai ɓoye mini komai ba. "Hajiya, ƙofa muka buɗe, kumburin bai tafi gaba ɗaya ba. Tsiron nan yana iya dawowa." Don haka kullum ina wanke hanci da ruwan gishiri, da ruwan da aka tafasa ya huce, sannan in yi feshin maganin kumburi. Yanzu maganin yana isa inda a da ba ya kaiwa. Idan hunturu ya kama, ƙura ta taso daga arewa ta rufe gari, ba na fita sai da takunkumi.

Sai dai likita ya ce hayaƙi abokin gabana ne, ni kuma da hayaƙi ake gwada turaren wuta. Malam ya ce in bar sana'ar. Yadda muka kwashe da shi a kan wannan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.