Esi Ya Tsaya, Aljihu Kuma Babu Nauyi

Ƙannena, wanda esinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu a tsakiyar zafi alhali ba shi da ko sisi, lissafinsa ne ke fara rikicewa. Mutumin da bai runtsa ba, zufa ta jiƙa masa matashi sharkaf, yara suna ta kuka, duk abin da mai gyara ya faɗa "to" zai ce. Haka na yi. Na ci bashi aka ɗura wa na'urar gas, ta ɗan yi sanyi, ba a jima ba ta koma huro iska mai ɗumi, bashin kuwa yana nan daram.

Ashe gas ɗin esi ba kamar man mota ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu. In ya ragu, to wani wuri ne ke yoyo. Duk mai gyaran da ya ce maka "gas ne ya ƙare", ka tambaye shi ta ina yake zuba. In bai nemo wurin ya toshe ba, kuɗinka iska za su bi.

Sau da yawa ma matsalar ba ta kai nan ba. Ragar da ke tace ƙura kan toshe, kuma wannan da hannunka za ka zare ta, ka wanke, ka shanya. In kuwa injin waje yana gurnani amma farfelarsa ba ta juyawa, galibi kafasita ce, ɗan ƙaramin abu mai sauƙin kuɗi da ke taimaka wa injin ya tashi. Ni da na ji wannan gurnanin daga baya, sai na dinga kashewa ina kunnawa, wai ko Allah zai sa ya tashi, har kwamfiresa, mai tura gas ɗin cikin bututu, ta ƙone, ita ce kuwa mafi tsada a jikin na'urar. Garin gyaran gira na rasa ido. Kashe shi ka bar shi. Kada kuma ka buɗe da kanka, don kafasita tana riƙe wuta ko an cire soket.

Sai batun tagogi, inda na daɗe ina yin abu a baibai. Da rana tsaka nake wangale su, wai in sha iska, ashe zafin waje nake yi wa maraba. A rufe su tun da hantsi, a saki labule mai kauri a ɓangaren da rana ke duka. In an samu abin da zai tare ta daga waje ya fi, domin ba ta kai ga gilashin ba. In dare ya yi waje ya huce, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a sa fanka a bakin ɗaya tana kallon waje, ta fitar da zafin da bango ya kwankwaɗa. Girki da guga a kai su sassafe. Shimfiɗa kuma a ƙasa, tunda iska mai zafi sama take tashi.

Fanka ba ta sanyaya ɗaki, jiki take sanyayawa ta hanyar busar da zufa, don haka barin ta tana juyi babu kowa asara ce. Wutar da take ci ba ta cika wuce wat 75 ba, esi kuwa yakan haura 1,000. Amma in zafin ɗakin ya zarce na jiki, wato digiri 37, ita kaɗai ba ta isa ba. Jiƙa tawul ka ɗora a wuya, ka yayyafa wa rigarka ruwa, ka tsoma ƙafa a bokiti. Ka sha ruwa tun ƙishi bai zo ba. Fitsari in ya yi duhu, jikinka ne ke kuka.

Kunya ita ce ta fi cutata. Na bar tsohuwa a ɗaki mai zafi don kada a san halin da nake ciki, alhali ga 'yan'uwa masu gida mai sanyi da za ta wuni a can. A Chicago ta Amurka, a watan Yulin 1995, zafi ya kashe sama da mutum 700 cikin 'yan kwanaki, da yawansu tsofaffi ne matalauta da ke zaune su kaɗai a rufaffun ɗakuna. Tsofaffi, jarirai, masu ciki da masu ciwon zuciya ko suga, su za ka fara fitarwa. Wanda ka ga jikinsa ya yi rau, yana sambatu ko yana tangaɗi, kada ka ce ya kwanta ya huta. Rage masa kaya, ka yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a nufi asibiti da shi nan take.