Kujerar da na saya a majalisa

Daren Juma'a ɗan yayata ya same ni a shagona a kasuwar waya ta Farm Center a Kano, ya tsaya yana sosa ƙeya. "Kawu, dubu 40 nake so ka ranta min." Na ce ta mece ce? Wai abokansa sun fitar da ankon Sallah, shadda iri ɗaya, hula iri ɗaya, wanda bai yi ba za a cire shi daga guruf. Shekararsa 16. Idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe. Uwarsa ta riga ta gaya min sati guda ke nan sai dai ya tsakuri tuwo ya tashi, dare kuma waya na hannunsa har kiran assalatu. Da na dube shi sai gabana ya faɗi, don na san wannan idon.

A 2011 ina aji biyar na sakandare, akwai wata majalisa a bayan layinmu a Gwale, ta 'ya'yan masu hali. Kowa da babur roba-roba, lokacin ba a hana goyo a babur ba, kowa da wayar da ke shiga manhajar hira ta 2go. Ni ɗan tela ne. Da farko aike nake yi musu, in sayo tsire, in karɓo shayi, a ba ni gefen benci. Ranar da aka fara kirana da sunana maimakon "kai yaro", ban yi barci ba don murna.

Ina da aboki tun makarantar allo, allonmu ma wuri ɗaya muke jinginewa. Wata rana ya biyo ta majalisar da tsohon kekensa ya yi min sallama, aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ce ɗan unguwarmu ne kawai. Bai ce komai ba, ya gyara sarƙar kekensa da ta zame, ya goge hannu a wando, ya wuce. Har yau baƙin man nan a yatsunsa nake gani.

Sai na fara taɓa kuɗin ɗinkin Baba. Daga baya kuɗin rajistar WAEC da Inna ta haɗa da adashe na cinye a shadda da takalmi. Ba wanke kaina nake ba, amma wa ya taɓa zaunar da ni ya tambaye ni me ke damuna? A gidanmu in ka yi shiru an ce kana da ladabi. Kuma wanda bai taɓa zama cikin mutane da silifas mai ɗinki ba, ba zai gane zafin abin ba. Duk da haka ni na miƙa hannu na ɗauka, babu wanda ya riƙe min wuya.

Abin da ba na faɗa wa kowa shi ne tsoro. Kullum ƙirjina na bugawa kada a gano ƙaryata. Barci ya ƙaurace min. A majalisar aka miƙo min gorar lemo da aka zuba wa maganin tari mai kodin, aka ce zan samu natsuwa. Na samu, ta awa uku. Shekara huɗu ina ciki. Sai a 2018 gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi, lokacin ya gama da da yawa daga cikinmu. A gida aka ce sammu ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ban raina addu'a ba, ita ta riƙe ni, amma sai da yayata ta kai ni asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, inda nake jin kunyar a ji na taka, likita ya ce ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Cikin 'yan majalisar nan babu wanda ya leƙo. Mai keken ne ya zo, da lemon zaƙi a leda.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma biyu kawai nake da tabbas a kansu. Duk wurin da sai ka biya kafin a ba ka wurin zama, tashi. In kuma ka kwana uku ba barci, ko abinci ya fita a ranka, faɗa wa babba, ko kawu ko malami, kada ka faɗa wa guruf. Ku yaran yanzu kuna ba ni haushi, wallahi. Mutum ya ɗora hoto a TikTok, ya zauna yana ƙirga masu dannawa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, uwarsa na kira ba ya ji! Ba na cewa ku zauna ku kaɗai, kaɗaici ma ciwo ne, na ɗanɗana shi. Ku yi abokai. Amma ni kaina ban san yadda ɗan shekara 16 zai bambance su ba tun kafin a kwantar da shi.

Ɗan yayata ban ba shi dubu 40 ba. Na rufe shago, na ɗauke shi a babur muka je wurin mai shayi, na ba shi labarin keken. Ya saurara, rabin hankalinsa na kan waya. Da za mu tashi ya ce, "Kawu, to ko rabin?"